Iri biyu a gona ɗaya: me ya sa wani waken soya ya daina tsawo da ya yi fure, ɗayan kuma ya ci gaba?

Sabon Manomi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman a warware mini wani abu da na gani a gonata a daminar da ta wuce. Na shuka waken soya iri biyu a rana ɗaya, a fili ɗaya, da tazara ɗaya, kuma takin da na zuba wa wannan shi na zuba wa wancan. Har zuwa lokacin da suka fara fure ban ga wani bambanci na a zo a gani ba. Amma bayan furen da kamar mako biyu, sai na lura iri na farko ya tsaya cak, bai ƙara wuce gwiwata da yawa ba, kuma a can ƙolin karansa ya tara kwanso cunkus wuri guda. Na biyun kuwa ya ci gaba da tashi yana fitar da sabon ganye, alhali a gindinsa kwanso ya riga ya fara cika, har ya kai mini ƙugu, kuma kansa ya yi siriri ƙwarai. Da aka yi wani ruwa mai iska sai wani sashe nasa ya kwanta.

Da farko na ɗauka na farkon cuta ce ta tsumburar da shi, ko kuwa taki ne bai ishe shi ba, amma ganyensa kore ne shar, kuma da aka yi girbi bai ba ni kunya ba. Tambayata ita ce: wannan tsayawar lafiya ce ko matsala? Kuma idan zan riƙe iri ɗaya a cikinsu don baɗi, wanne ya kamata in riƙe?

Malamar Tsirrai ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, babu cuta a cikin abin da ka bayyana. Halitta ce daban-daban, kuma yadda ka kwatanta su ya yi daidai da abin da ake koyarwa a aji, har ba sai na ga hoto ba.

A ƙolin karan kowane waken soya akwai ɗan toho wanda shi ne ke ƙera sababbin gaɓoɓi da ganye, ɗaya bayan ɗaya. Duk tsawon da shuka za ta yi daga hannunsa yake fitowa. Abin da ya raba ire-iren waken soya a wannan fanni shi ne abin da wannan toho yake yi idan lokacin fure ya zo. A wasu ire-iren, jim kaɗan bayan an fara fure, tohon ƙolin da kansa yakan rikiɗe ya zama damin furanni, kuma da zarar ya zama fure to ba shi da sauran ikon yin sabuwar gaɓa, kamar dai yadda dawa ke daina tsawo idan ta fitar da zangarniya. Wannan shi ne irinka na farko, kuma bari mu kira shi mai rufe kai. A wasu ire-iren kuwa furanni suna fitowa ne daga hammatar ganye kawai, tohon ƙolin yana nan a matsayinsa yana ci gaba da aikinsa har tsawon makonni, sai lokacin da ƙwaya ta fara cika a cikin kwanso ta janye abincin shukar zuwa gare ta, sannan ya gaji ya tsaya. Wannan shi ne irinka na biyu, mai sakakken kai. Akwai kuma na uku a tsakaninsu, wanda yake ci gaba da tashi bayan fure na ɗan lokaci, sannan ya rufe kansa da ƙaramin damin kwanso.

Ina roƙonka kada ka riƙa raba su da tsawo, domin tsawo yana ruɗi. Ka dubi ƙolin karan. Mai rufe kai kaurinsa a sama bai bambanta sosai da na tsakiya ba, ganyensa na ƙarshe babba ne kamar na ƙasa da shi, kuma yana ƙarewa da dami mai kwanso da yawa. Mai sakakken kai kuwa karansa yana sirancewa yayin da yake hawa, ganyen sama ƙanana ne, gaɓoɓin ƙarshe kuma kwanso ɗaya ko biyu ko uku suke ɗauka. Haka nan yadda furen ke tafiya ya bambanta. A mai sakakken kai yakan fara daga ƙasa, wajen gaɓa ta uku zuwa ta shida, yana bin karan zuwa sama, shi ya sa ka ga kwanso a gindi da sabon fure a ƙoli a rana ɗaya. A mai rufe kai kuwa cikin 'yan kwanaki furen yakan game karan kusan gaba ɗaya. Lokacin da furen farko ya buɗe, mai sakakken kai sau da yawa bai kai rabin tsawon da zai yi ba, shi kuwa mai rufe kai ya riga ya yi mafi yawan nasa.

Game da wanda za ka riƙe, ba zan yi saurin yanke hukunci ba, domin babu ɗayansu da ya fi ɗan'uwansa amfani a ko'ina da kowane lokaci. Idan da akwai, da tuni masu samar da iri sun watsar da ɗayan. Abin da aka gani shi ne kowane yanki ya zaɓi wanda ya dace da tsawon ranarsa da daminarsa. A arewacin ƙasar Amurka da Kanada, inda lokacin noma gajere ne, mai sakakken kai ne ya mamaye gonaki, saboda yana haɗa girma da fure a lokaci guda. A kudancin ƙasar Amurka, inda lokacin ke da tsawo kuma shuka za ta iya yin tsawon da zai kayar da ita, an daɗe ana noma mai rufe kai. A Japan da Koriya ma masu rufe kai ne suka fi yawa, a arewa maso gabashin Sin kuma iri na ukun da ke tsakaninsu yana da farin jini.

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Malama ta yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara sani. Ni zan ɗora ne daga gefen wanda ya daɗe yana tsugunawa a cikin kuyya yana ƙirga kwanso, kuma zan ɗan saɓa mata a wuri ɗaya.

Ta ce tsayawar lafiya ce, kuma haka ne a gonarka, tunda shukar ta wuce gwiwa kafin ta tsaya. Amma akwai lokacin da wannan hali yake zama asara, kuma ya kamata ka san shi tun yanzu. Waken soya shuka ce da tsawon dare ke gaya wa lokacin fure: idan rana ta gajarta, dare ya yi tsawo, sai ta hanzarta. An san tasirin tsawon rana a kan fure tun 1920, lokacin da wasu masana biyu, Garner da Allard, suka yi gwajinsu a Amurka da taba da wani waken soya mai suna Biloxi. To idan aka ɗauko iri mai rufe kai wanda aka tsara don wurin da rana ke kai awa goma sha biyar a lokacin noma, aka kai shi kusa da tsakiyar duniya inda rana ba ta wuce awa goma sha biyu zuwa sha uku, ko kuma aka makara da shuka har rana ta fara gajarta, zai yi fure yana jariri, ya rufe kansa da gaɓoɓi kaɗan, kuma babu takin da zai ƙara masa gaɓa ɗaya a babban kara bayan haka. Na taɓa ganin gona guda da shukarta ba ta wuce taƙi ɗaya da rabi ba, kwanson ƙasa yana taɓa turɓaya, ruwa yana fantsama masa laka, ganyen kuma bai rufe tsakanin layuka ba, ciyawa ta samu yadda take so. Mai sakakken kai a irin wannan hali yakan ɗan ceci kansa, domin ko ya yi fure da wuri zai ƙara gaɓoɓi daga baya.

Haka kuma batun fari na ɗan lokaci. Waken soya yana zubar da yawancin furanninsa ko da komai na tafiya daidai, sau da yawa fiye da rabi. Idan ruwa ya ɗauke na kwana goma daidai lokacin da mai rufe kai ya buɗe furensa gaba ɗaya, abin da ya zuba ya zuba. Mai sakakken kai kuwa furensa a rarrabe yake cikin makonni, idan na ƙasa ya zuba na sama yana tafe. Tsutsa ko ƙanƙara ma haka: idan suka cinye ganyen mai rufe kai bayan fure, babban karan ba shi da sabon ganyen da zai maye gurbi.

Amma kada ka ɗauka ina tallar dogon ne. Ka gani da idonka yadda ya kwanta. A ƙasa mai ƙarfi da ruwa isasshe, musamman idan an cika iri har shuke-shuken suna yi wa juna inuwa, tsakanin gaɓa da gaɓa yakan miƙe, karan ya yi siriri, iska kaɗan ta kayar da shi. Kwanciya a lokacin da ƙwaya ke cika ita ce mafi muni, domin ganye ya danne ganye, haske ba ya shiga, laima ta zauna a ƙasa, cuta ta samu wuri. Shawarata ita ce kada ka ba su tazara ɗaya kamar yadda ka yi bana. Gajeren ka matse masa layi ka ƙara masa yawa, dogon ka sassauta masa.

Sabon Manomi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malama, na gode Baba. Na koma na duba karan da ya rage a gefen gona, kuma lallai na farkon kaurinsa ɗaya ne har sama. Saura abu biyu. Shin mai sakakken kai shi ne wanda ya fi daɗewa kafin ya nuna, kuma za a riƙa tsinkarsa sau da yawa kamar wake mai yaɗo? Domin ni dai kusan tare suka bushe mini. Na biyu, tunda na shuka su kusa da juna, shin irin da na ajiye bai gauraya ba, har baɗi in ga wani abu dabam?

Ɗalibin Kimiyyar Iri ya amsa:

Yaya, bari in ɗauki tambayoyin nan biyu, malamai su gyara mini inda na kauce.

Halin kara daban, lokacin nuna daban, kuma ƙwayoyin gadon da ke riƙe da su ma daban ne. Ana samun mai sakakken kai mai saurin nuna, ana samun mai rufe kai mai jinkiri. Abin da ya sa mutane ke haɗa su shi ne tsarin rukunin nuna na Amurka, wanda ya fara daga 000 a can arewa mai sanyi ya gangaro har X a ƙasashe masu zafi. A al'adance ire-iren da ke rukuni na IV zuwa ƙasa masu sakakken kai ne, na V zuwa sama kuma masu rufe kai, wato a can ma akasin abin da ka zata ne, masu rufe kan ne suka fi jinkiri. Wannan kuwa zaɓin masu samar da iri ne, ba dokar halitta ba ce. Kuma sakakken kai a waken soya ba ya nufin tsinka sau da yawa. Karan yana tsayawa idan ƙwaya ta fara cika, kwanson sama da ya makara yakan cika cikin ɗan gajeren lokaci, sannan shukar ta zubar da ganye ta bushe gaba ɗaya, a yi girbi sau ɗaya.

Batun gauraya kuma, waken soya yana yi wa kansa barbara ne tun kafin furen ya gama buɗewa, abin da ke tsallakawa daga wata shuka zuwa wata yawanci bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Haɗarin da ya fi wannan shi ne cakuɗuwa a wurin sussuka ko a cikin buhu. Idan ka kiyaye wannan, kowanne zai fito da halinsa.

Ga masu son sanin tushen abin, a 1972 wani masani a Illinois mai suna Richard Bernard ya nuna cewa ƙwayoyin gado biyu ne ke juya wannan hali, aka sa musu suna Dt1 da Dt2. Aikin Dt1 shi ne hana tohon ƙoli zama fure. Idan tana aiki sosai, kai a sake yake. Idan shuka ta gaji lalataccen nau'inta daga uwa da uba, babu mai tsare tohon, sai ya zama fure da wuri, a samu mai rufe kai, kuma wannan kaɗai yana iya rage tsawon shuka har kusan rabi. Ita kuwa Dt2, nau'inta mai rinjaye yana danne aikin Dt1 bayan an fara fure, sai tohon ya yi ɗan tafiya sannan ya rufe, a samu na tsakiya. Idan Dt1 ta riga ta lalace, to ko Dt2 tana nan ko ba ta nan ba a ganin tasirinta, tunda babu abin da za ta danne. A 2010 aka gano ainihin Dt1, aka ga 'yar'uwar wata ƙwayar gado ce da aka riga aka sani a ƙaramar shukar gwaji ta Arabidopsis, mai suna TFL1, wadda ita ma aikinta ke nan. A 2014 kuma aka gano Dt2. Abin da ya fi burge ni shi ne kakan waken soya na daji, wanda har yanzu yake fitowa a Sin da Koriya da Japan da gabashin Rasha, mai yaɗo ne mai sakakken kai, yana nannaɗe duk abin da ya samu. Rufe kai daga baya ya bayyana, manoma suka gan shi suka so shi suka riƙe.

Malamar Tsirrai ta sake amsawa:

Ɗalibi ya yi daidai, sai dai ina so in gyara wata fahimta da maganata ta farko za ta iya haifarwa, kuma Baba ma ya ɗan bi ta kanta. Da muka ce mai rufe kai ya tsaya, babban karan muke nufi. Rassansa ba sa tsayawa a ranar. Suna ci gaba da tsawo da yin gaɓoɓi bayan fure na wani lokaci, kuma a ire-iren masu rufe kai da yawa, musamman idan an ba su fili, rassan nan ne ke ɗauke da kaso mai yawa na kwanson. Saboda haka mai rufe kai ba shi da raunin da ake yawan jingina masa idan irin mai yawan reshe ne, amma kuma farin da ya same shi bayan fure yana cutar da shi ta hanya biyu, ya zubar da fure ya kuma takure rassa. Don haka shawarar Baba ta matse layi tana da kyau ga gajere marar reshe, amma mai reshe da yawa idan aka matse shi fiye da kima an hana shi abin da ya fi iyawa. Malam, ka ƙirga rassan naka kafin ka yanke tazara.

Akwai misalai da suke nuna cewa ba a raba halin kara da yadda ake noma shi. A Amurka, wani masanin iri mai suna Richard Cooper ya ga cewa a gonaki masu ƙarfi kwanciya ce ke hana masu sakakken kai ba da abin da za su iya, sai ya shigar da halin rufe kai cikin ire-iren arewa, aka fitar da gajeru irin su Elf a 1977, daga baya kuma Hobbit. A ƙasa mai ƙarfi, da layuka matsattsu na kimanin santimita 18 da iri mai yawa, sun tsaya ƙyam sun ba da amfani sosai. A ƙasa marar ƙarfi ko shekarar fari kuwa sai su gajarce har injin girbi ya kasa kwashe kwanson ƙasa, wannan ya sa ba su yaɗu yadda aka zata ba.

Brazil kuma ta bi hanyar da ta juya. Da farko matsalarsu ita ce wadda Baba ya faɗa, fure da wuri a gajeriyar rana, kuma an shawo kanta ne da halin doguwar ƙuruciya, wanda ke jinkirta fure ko da rana gajera ce, har shuka ta yi jiki. Da wannan ne masu binciken Embrapa, hukumar binciken noma ta ƙasar, suka samar da ire-iren da suka shiga yankin Cerrado, wato filayen sabana na tsakiyar Brazil, kuma yawancinsu masu rufe kai ne. Amma bayan cutar tsatsar ganye ta shiga ƙasar a 2001, kuma manoma suka ƙara son su girbe soya da wuri su bi ta da masara a shekara ɗaya, sai aka koma ga shuka da wuri da ire-ire masu saurin nuna. Mai rufe kai a wannan tsari yakan gajarce, sai masu sakakken kai suka karɓe gonaki cikin 'yan shekaru. Kusan haka aka yi a jihar Misisipi ta Amurka, inda aka koma shuka masu sakakken kai na rukuni na IV a watan Afrilu don ƙwaya ta cika kafin farin Agusta. Ƙasar ba ta canja ba, ranar shuka ce ta canja, sai irin da ya dace ma ya canja.

Tsohon Malamin Gona ya sake amsawa:

Na karɓi gyaran Malama a kan rassa, gaskiyarta ne. Ɗana, da ni ne kai, ba zan zubar da ko ɗaya ba tukuna, domin damina ɗaya ba ta isa shaida. Baɗi ka raba kowane iri gida biyu, ka shuka rabi a farkon lokaci, rabi bayan mako uku. Ka ɗaura wa shuka goma zare a kowane gida. Ranar da ka ga furen farko ka auna tsawonsu ka ƙirga gaɓoɓin babban kara, ka rubuta, sannan ka maimaita ranar girbi, ka haɗa da nisan kwanson ƙasa daga turɓaya, da yawan kwanson da ke kan rassa da wanda ke kan kara, da kuma ko sun kwanta. Ƙirgar gaɓa kana farawa ne daga inda ganye guda-guda biyu suka fito suna kallon juna, wato sama da ganyen tsiro masu kauri, ka bi masu ganye uku-uku zuwa sama. Idan gajeren ya kai gaɓa goma sha biyu ko fiye a shukar makara kuma ganyensa ya rufe layi, ka samu iri. Idan ya tsaya a bakwai ko takwas, ka bar shi ga shukar farko, ka ba dogon filin da za ka makara a kai da kuma inda ƙasar ba ta da ƙarfi sosai. Ka dawo mana da alƙaluman idan Allah ya kai mu.